Mu Ma Ai Ba Mu Fahimce Su Ba

Duk inda aka tayar da zancen masu galahanga, lalurar nan da likitoci ke kira otizim, magana ɗaya ake maimaitawa: ba sa fahimtar mutane. Ba su iya gaisuwa ba, ba su san kara ba, ba sa karantar fuska, in an yi musu hannunka-mai-sanda ba sa ɗauka. Iyaye na faɗin haka, malaman makaranta 'yan uwana na faɗa, kuma ban musa ba, akwai gaskiya a ciki. Amma gefe ɗaya ne na labarin. Mu da muka fi yawa, mu da muka tsara yadda ake gaisawa da yadda ake biki da yadda ake zama a aji, mu ma ba mu fahimce su ba. Su ana hukunta su in ba su gane mu ba, mu kuwa ba mai tuhumarmu in ba mu gane su ba. Wannan rashin adalci ne, kuma a cikin gidajenmu ake yin sa.

A dubi yadda muke magana. Bahaushe bai cika faɗin abu yadda yake ba, ba don ƙarya ba, sai don kara. Ka tarar ana cin abinci, a ce maka bismilla, ka ce alhamdu lillahi, alhali yunwa na cin ka. A tambaye ka gajiya, ka ce ba gajiya, ƙafafunka kuwa na zogi. Maƙwabciya ta ce "ai ba komai", kowa a tsakar gidan ya san akwai komai. Ka roƙi mutum abu ya ce "bari mu gani", ka san an hana ka. Uwa ta harari yaro a gaban baƙi, ya tashi ya fita ba a ce masa uffan ba. Duk wannan karatu ne mai zurfi, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya biya mana shi. Tsintar sa muka yi a tsakar gida da zaure, tun muna goye a bayan iyayenmu. Ƙwaƙwalwar mai galahanga ba ta tsintar sa haka nan. Abin da aka faɗa da baki, shi ya ji, shi kuma zai riƙe.

Ina da ɗan ƙanwa mai wannan lalura. Yana magana, yana karatu, haddarsa ma ta fi ta sa'o'insa. Wata rana a gidan suna a Tudun Wada goggonsa ta zuba masa tuwo, ta ce, "Yaya ka ji miyar Goggo?" Ya ce, "Gishiri ya yi yawa, Goggo." Kafin uwarsa ta buɗe baki an dungure masa kai, ana cewa yaron nan ba shi da ta ido. Da dare ya ce da uwarsa, "Umma, ba Malam ya ce ƙarya haramun ce ba?" Shi a wajensa tambaya aka yi, ya ba da amsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa irin wannan tambayar yabo take nema. Mun koya masa dokar da ake faɗa, mun ɓoye masa wadda ake aiki da ita, sannan muka hukunta shi a kan wadda muka ɓoye.

Ba ni kaɗai ke wannan tunanin ba. A 2012 wani masanin zamantakewa a Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da galahanga, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar nan daga ɓangare biyu yake tasowa: mutum biyu da ke jin duniya ta hanyoyi mabambanta, kowannensu zai sha wuyar gane abin da ke ran ɗan uwansa. Daga baya aka gwada maganar. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinbara suka jera mutane takwas-takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har zuwa na ƙarshe. Layin da duk masu galahanga ne ya isar da labarin daidai da layin da babu mai galahanga ko ɗaya a ciki. Da aka sake gwajin da mutane fiye da 300, aka fitar da sakamakon a 2025, wannan ya sake tabbata. A tsakaninsu suna fahimtar juna.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne binciken Noah Sasson da abokan aikinsa a Amurka, a 2017. An nuna wa mutane gajerun bidiyo na masu galahanga da na waɗanda ba su da ita, ba a faɗa musu wane ne wane ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi masu kallo suka yanke cewa ba su cika son zama kusa da masu galahangar ko hira da su ba. Amma da aka ba su abin da mutanen suka faɗa a rubuce, babu fuska babu murya, sai bambancin ya ɓace. Ashe ba abin da suke faɗa ne ke korar mu ba. Tsayuwarsu ce, da sautin muryarsu, da inda suke ajiye idanunsu. Mu ne muke fara ja da baya, sannan mu dawo mu ce ba sa son shiga mutane.

Mu mutanen Kaduna bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A Kasuwar Sheikh Gumi za ka ga Bahaushe da Bayarabe, ko 'yar Gbagyi mai doya da ɗan Ibo, suna ciniki, Hausar wannan ba ta nuna ba, Turancin wancan ya gaza. Ba wanda ke cewa ɗayansu ba shi da hankali. Kowa zai rage gudun bakinsa, ya maimaita, ya nuna da yatsa, ya danna kuɗin a waya ya nuna, har a daidaita. Haƙurin da muke yi da mai baƙon harshe saboda cinikin kwana ɗaya, shi muka kasa yi da ɗan da muka haifa.

Kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa a shekarun baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100. A kan wannan lissafin, firamare mai ɗalibai 1,000 a Rigasa ko Kawo za ta iya samun yara wajen 10. Ni malamar firamare ce, na san inda suke zama. Suna bencin baya, an laƙaba musu dolo ko miskili ko kurma. Wasu kuma an daina kawo su, suna ɗaki a kulle in an yi baƙi.

Abin da muka fi jahilta shi ne yadda jikinsu ke karɓar duniya. Da yawansu ƙara da haske da ƙamshi da taɓawa suna iso musu da ƙarfin da mu ba ma ji. To a kai irin wannan yaron bikin Kaduna na yanzu: an kafa manyan lasifikoki, janareta na ruri, turaren wuta ya cika ɗaki, an sa masa sabuwar shadda mai sitaci tana cin wuyansa, mata goma kowace na jan kumatunsa tana cewa ya gaishe ta. Zai toshe kunne, ya fara jijjiga, in abin ya fi ƙarfinsa ya kwanta a ƙasa yana ihu. Nan take za a rabu biyu, masu cewa iskokai ne da masu cewa uwarsa ce ta sangarta shi. Da wuya a sami wanda zai ce a rage sautin nan, ko a kai shi ɗakin da ba hayaniya. Jijjigar ma da muke hana su, ita ce hanyar da jikinsu ke samun natsuwa. Mun san wannan sarai in ta zo a sigar da muka saba: yara a makarantar allo suna rangaji suna karatu, dattijo na jan carbi yana sauraren hira, ba wanda ya ce musu komai. Da yaro ya kaɗa hannuwansa a gaban suruki sai a buge hannun.

Daga yaron sai a koma kan uwa. Ta yi wanka da magariba tana da ciki, ta zuba ruwan zafi ba bismilla, danginta ne ke da abin. Turawa ma sun yi irin wannan zaluncin. A shekarun 1950 da 1960 a Amurka an yi ta cewa uwa marar ɗumin zuciya ce ke jawo galahanga, har bincike ya rushe maganar. Wani babban nazari da aka fitar a 2019, wanda ya duba mutane fiye da miliyan 2 a ƙasashe 5, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke kawo lalurar gado ne, gado kuwa ba ta wajen uwa kaɗai yake zuwa ba. Haka zancen da ke yawo a WhatsApp, wai allurar rigakafin ƙyanda ce ke jawo galahanga. Daga wani rahoto na 1998 ya samo asali, wanda mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagorance shi. A Denmak an bi yara fiye da 650,000, ba a sami wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Ƙyanda kuwa tana kashe mana yara har gobe.

Ni mai imani ce da addu'a, ina kuma yi wa ɗan ƙanwata ita kullum. Amma addu'a daban, a danne yaro a turara masa barkono ko a yi masa bulala wai ana dukan aljani daban. Mutanen garin nan ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu domin a gyara musu hali. Duk lokacin da na ji ana cewa wani yaro mai galahanga "ya gagara", sai gabana ya faɗi, don na san inda wannan kalmar ke kai yara a ƙasar nan.

Kada a ɗauka ina cewa abu ne mai sauƙi. Galahanga ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda zai gama jami'a ya yi aure, akwai wanda har ya girma ba zai furta kalma ba, sai an yi masa wanka an ba shi abinci a baki, wani ga farfaɗiya a kai. Na san uwar da ke zaune a gidan haya, ba ta samun barcin kirki, ƙofa kullum a sakace saboda ɗanta na ficewa, ga Kogin Kaduna ba nisa. Ita ba wa'azin haƙuri take buƙata daga gare mu ba, ta fi mu sanin haƙuri. Tana buƙatar maƙwabciyar da za ta ce, "Maman yara, je ki kwanta, bar min shi zuwa la'asar." Kuma ko yaron da ba ya magana yana isar da saƙo: yana jan hannunka zuwa randa, yana ture kwano, yana kuka iri daban in ciwo ne, iri daban in ƙara ce ta dame shi. Uwarsa ta koyi wannan harshen. Sauran mutanen gidan ne ba su ga dalilin koyo ba.

'Yan mata su ne abin ya fi ɓoyewa a kansu. A asibitoci ana gano maza kusan huɗu kafin a gano mace ɗaya, kuma masu bincike sun nuna ana tsallake mata da yawa saboda sun fi iya kwaikwayon abin da suka ga ana yi. A wajenmu abin ya ƙara lulluɓewa, domin yarinyar da ba ta kallon idon manya, ba ta yawan magana, ba ta son fita, ita muke yabo da kunya da natsuwa. Sai an kai ta gidan miji asiri ke tonuwa. Can ga uwar miji mai magana a dunƙule, ga dangin miji masu shigowa ba sanarwa, wataƙila ga kishiya mai habaici, ga biki da suna da gaisuwar mutuwa da dole ta je ta saki fuska. Za ta yi iya ƙoƙarinta, ta haddace abin da ake faɗa, ta yi murmushi inda ta ga ana yi, ta koma ɗaki a gajiye liƙis. Bincike ya danganta irin wannan ɓoye kai na kullum da yawan fargaba da ciwon damuwa. Duk da haka hukuncin da za a yanke mata shi ne girman kai gare ta, ba ta son dangin miji. Ita ta yi tafiya mai nisa zuwa wajenmu, mu ko taki ɗaya ba mu yi zuwa wajenta ba.

Takin da ake nema a wajenmu kuwa ba mai tsada ba ne. Na farko mu faɗi abin da muke nufi. Maimakon harara, a ce, "Tashi ka je ɗakin Kaka, ina magana da baƙuwa." In za a fita a gaya masa tun jiya: gobe za mu Unguwar Rimi, za a yi kiɗa, in ka gaji ga inda za ka zauna. In an yi tambaya a jira amsa, kada a jero uku a kai. Ban ce kada a koya musu gaisuwa da ladabi ba. A koya musu, amma a fili, daki-daki, yadda ake koyar da alwala. Ƙanwata ta zaunar da ɗanta ta ce masa in aka tambaye shi daɗin abinci ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri," ba ƙarya a ciki, ba kuma cin fuska. Sannan ta je ta sami goggon ta ce, "Yaya, in kika tambaye shi gaskiya zai faɗa miki, ba raini ba ne, haka Allah ya yi shi." Wannan zuwa na biyun shi ne abin da ba mu cika yi ba. Mukan gyara yaro mu bar babba yadda yake.

Addininmu ma bai bar mu ba misali ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don kada ya wahalar da uwarsa. Jam'i guda ya sassauta saboda mutum ɗaya. To ina hujjar malamin Islamiyya da zai kori yaro don ya kasa zama wuri ɗaya, ko masu hana uwa shiga coci da ɗanta don yana gunji?

Sanin abin da wuri yana rage wahala. Yaron da ya kusa shekara 2 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya fara magana ta ɗauke, a fara da gwajin ji. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan garin take. In kunne lafiya, a ga likitan yara, ko a je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Na san abin da ke hana mutane zuwa can, tsoron kada a ce an ga wane a asibitin mahaukata. Galahanga ba hauka ba ce, ba kuma a gano ta da gwajin jini, da lura da tambayoyi ake gano ta. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke cire ta, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinki yake so. Abin da ke taimakawa shi ne koyar da magana ko wata hanyar isar da saƙo, da horon kula da kai, da gidan da ya san abin da yake fuskanta.

Su kuma yaran nan girma suke yi. A Afrilun 2025 an baje wani zane a Abuja wanda matashi mai galahanga, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya shiga kundin bajinta na Guinness da shi, mutane suka yi ta yaɗawa, ni ma na yi murna. Sai dai ina tsoron mu mayar da bajinta sharaɗin mutunci. Mafi yawansu ba za su kafa tarihi ba, sana'a suke nema da aure da wurin zama a majalisa. A Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, akwai aikin da mai son tsari da maimaici zai iya ƙwarewa a kai, in ya sami ubangidan da zai nuna masa aiki a fili ya kuma hana sauran yaran shago mayar da shi abin tsokana. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Amma in an ce buƙata ta musamman, idonmu kan keken guragu da sandar makafi yake tsayawa. Wanda lalurarsa ba a ganin ta, a wajen ganawar ɗaukar aiki ake zubar da shi, saboda bai kalli idon shugaban kwamiti ba, ko ya amsa tambaya ba kwalliya.

Kowace ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa galahanga tun 2007, gidajen rediyonmu kan gayyato likita, wani lokaci da uwa, su yi bayani a kan masu lalurar. Suna da abin faɗa, a ci gaba da kiran su. Amma a garin nan akwai manya masu galahanga da ke magana, akwai masu rubutu a waya ko da bakinsu bai cika buɗewa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ina roƙon masu shirya shirye-shiryen nan su nemo ɗaya daga cikinsu. A aika masa tambayoyin a rubuce tun kafin ranar, a gaya masa tsawon lokacin da za a ɗauka, in ya yi shiru yana tunani kada mai gabatarwa ya ƙarasa masa magana. A cikin tambayoyin kuma a sa wannan: me muke yi, mu sauran mutane, da ya fi wahalar da kai?